Kada "Wata Rana" Ta Cinye Muku Buri

'Ya'yana,

Kwanakin baya wani ɗan ƙanena ya zo gaishe ni bayan la'asar. Muna zaune a zaure sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Baba, ga abubuwan da nake so in yi kafin in cika shekara talatin." Na sa tabarau na karanta. Yana so ya je Tanzaniya ya ga namun daji a Serengeti. Yana so ya gina jikinsa. Yana so ya koyi iyo, ya kuma sayi kare irin na ƙasar waje. Duk lokacin da nake karantawa kansa na sunkuye, don ya zaci zan ce shirme ne, ya tashi ya nemi abin yi. Ban ce masa haka ba. Abin da na gaya masa a ranar shi nake so in maimaita muku, domin na san da yawanku kuna da irin wannan jeri, ko a waya ko a zuci.

Mutanenmu sun saba raina irin wannan buri. In saurayi ya ce yana son gida da mota da aure, kowa zai ce Allah ya cika buri. In ya ce yana so ya ga giwa da idonsa kafin ya mutu, sai a yi dariya a ce ƙoshi ne ke damunsa. Ni ban yarda da wannan ba. Alƙur'ani ya sha kiranmu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu lura da halitta, kuma tun kakanni ake cewa tafiya mabuɗin ilimi. Wanda ya tsaya gaban halittar da ta ninka shi girma sau hamsin, ya ga yadda take tafiya, yadda take renon ɗanta, ba zai dawo gida da girman kan da ya tafi da shi ba. Don haka ban ga laifin burinku ba. Tsorona ɗaya ne, kada ya mutu a hannunku yadda nawa ya kusa mutuwa a hannuna.

Ina aji biyar a firamare malaminmu ya zana mana giwa a allo, ya ce akwai ta a Yankari, nan ƙasar Bauchi, ba sai an je wata uwa duniya ba. Ni da wani aminina da muke zama benci ɗaya muka ƙulla alkawari a ranar cewa in mun girma sai mun je. Muka girma, muka kama sana'a, shi a kasuwa ni a aji. Duk sallah in muka haɗu sai ɗayanmu ya tayar da zancen, ɗayan ya ce, "Wata rana, in Allah ya yarda." Ba kuɗin mota muka rasa ba. Rana ce ba mu taɓa sawa ba. Aure ya zo, suna ya biyo baya, ga gini, ga kuɗin makarantar yara, kowanne uzuri ne mai kyau da ba wanda zai ga laifinsa. A haka shekara fiye da talatin ta shuɗe. Sai wata safiya aka aiko mini cewa ya faɗi a bakin shagonsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Ashe hawan jini ne, ya daɗe da shi bai sani ba, don bai taɓa zuwa an auna shi ba. Shekara biyu ya yi a kwance. Wata rana na je duba shi, da harshensa da ya yi nauyi ya ce mini, "Ka je ka gano mana ita." Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranin da ya biyo bayan rasuwarsa na shiga mota ni da babban ɗana.

Daga garin Bauchi za ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karkata kudu har ka iso ƙofar dajin a Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, tafiyar sama da kilomita 40 ce a cikin jeji, kuma tun a wannan hanya ido ke fara cin abinci. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 ya dawo hannun jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A sansanin kansa birai manya, irin waɗanda ake kira bika, suna yawo tsakanin ɗakuna ba tsoro, in ka bar taga a buɗe ko leda a hannu za ka sha mamaki. Ga gadu yana kiwo a durƙushe bisa gwiwoyinsa na gaba. Ƙasa kaɗan da sansanin akwai ruwan Wikki, wanda ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa awo 31 ne dare da rana, damina da rani. Na tsoma ƙafafuna a ciki na daɗe ina tasbihi.

Fita biyu muka yi da motar yawon daji ba mu ga giwa ba. Mun ga gwanki, mun ga gwambaza da mazo, mun hango ɓauna daga nesa, mun ga kada kwance a bakin ruwa kamar gungume. Giwa kuwa sai dai alamarta: kashinta a kan hanya, rassan da ta karya, da sawunta mai faɗin bakin turmi. Mai yi mana rakiya ya ce mu yi haƙuri, daji ba gidan zu ba ne, ba wanda ke ɗaure su don baƙi. A safiya ta uku, kusa da kogin Gaji, ya ɗaga hannu direba ya kashe mota. Da farko ban ga komai ba sai itatuwa. Sai na ga kamar wani sashen dajin ne ke motsi. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, wata babba a gaba, ɗan ƙarami yana bin gefen uwarsa yana shiga ƙarƙashin cikinta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun. Halitta mai wannan nauyi tana taka ƙasa ba ka jin takunta, sai ƙarar reshe in ta karya, da kaɗawar kunnuwa kamar mafici. Na tuna allon aji biyar, na tuna aminina. Hawaye suka zubo mini, ban kuma ɓoye wa ɗana ba.

Gani ya kori ji. Amma ku sani, giwayen da na gani ragowa ce. Ƙiyasin da ake yi shi ne waɗanda suka rage a Yankari tsakanin 100 ne zuwa 150, kuma duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Masu farautar haure sun yi musu ɓarna, duk da an haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989. Masu gadin daji na kwana a jeji suna fuskantar mutane masu bindiga don kare su. Manoman ƙauyukan gefen dajin su ma suna da kukansu, domin giwa in ta shiga gona a dare ɗaya sai ta gama da wahalar damina. Kuɗin shiga da baƙo ke biya, da kwanan da yake yi, da ɗan abin da yake saya a hanya, suna cikin abin da ke sa a ga dajin yana da amfani a bar shi. Zuwanku ba yawon banza ba ne. In za ku je, ku je da rani, daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin Gaji. Da damina ciyawa kan fi mutum tsawo, sai giwa ta wuce kusa da kai ba ka sani ba.

Ban hana ɗan ƙanena Serengeti ba. Wuri ne da dabbobi fiye da miliyan ɗaya, dangin kanki da jakin dawa, ke ƙaura duk shekara tsakanin Tanzaniya da Kenya suna bin ruwan sama, wanda Allah ya hore wa ya je ya gani. Na dai tambaye shi kuɗin jirgi da biza da masauki, duk da dala ake lissafi, ya yi shiru. Irin wannan buri mai nisa shi ya fi sauƙin komawa "wata rana", don nisansa kansa uzuri ne. Na ce masa ya fara da abin da ƙafarsa za ta kai bana. A Kure, kusan kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda a da suke yawo daga Senegal har tafkin Chadi, har da ƙasarmu ta arewa. A 1996 saura 49 kacal a duniya. Hukuma da mutanen ƙauyuka suka tsaya musu, yau sun haura 600, suna kiwo a tsakanin gonakin gero da wake, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji don su kafa sabon garke. A fadamun Haɗeja da Nguru, wajen Dagona, tsuntsaye na zuwa tun daga Turai su yi hunturu a wurinmu su koma. Yawancinmu an haife mu an tsufa kusa da waɗannan abubuwa ba mu taɓa leƙawa ba. Sai dai zamani ya canza, hanyoyi da yawa ba kamar da ba. A Kure ɗin ma, a watan Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas. Ku tambayi halin hanya wurin mutanen wurin kafin ku tashi, ku nemi izinin iyayenku, ku yi tafiyar rana, kada ku ɗauki kasada jarunta.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Ku sa rana, ku rubuta abin da tafiyar za ta ci, ku raba shi bisa watannin da suka rage, ku sami asusu ko ku shiga adashi. Mutum biyar in suka haɗu suka ɗauki mota ɗaya nauyin ya ragu. Kada ku ci bashi don yawon buɗe ido, kada kuma ku taɓa abin da yake haƙƙin iyaye ko iyali ne.

Da muka zo kan gina jiki na tambaye shi yaushe rabonsa da a auna jininsa. Ya yi dariya ya ce ai shi yaro ne. Aminina ma haka ya ɗauka. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya shekaru da shi ba ciwon kai ba jiri, sai ranar da ya kayar da shi. Awon bai fi minti biyu ba, a kusan kowane asibiti da manyan shagunan magani ana yi. Wannan shi ne matakin farko, kafin sayen takalmin gudu.

Mu da muka tashi muna zuwa makaranta a ƙasa, muna jan ruwa a rijiya, muna langa da kokawa a dandali, ba mu san wani abu wai shi motsa jiki ba, rayuwar ce ke motsa mu. Ku kuwa daga ƙofar gida babur ne ko Keke Napep, a wurin aiki kujera, da dare waya. Dole ku nemi da gangan abin da mu muka samu a banza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato tafiya da sauri ta rabin awa kwana biyar. Ba sai da gidan motsa jiki mai kuɗin wata ba. Bayan sallar asuba gari na da sanyi, titi ba cunkoso, ka zaga unguwa ka dawo. In kana Kano ga Dala ga Goron Dutse. 'Yan mata da matan aure, wannan magana har da ku. Igiyar tsalle a tsakar gida, ko tafiya tare da 'yan uwa da yamma, ba su taɓa mutuncin kowa ba. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya fara da ɗaga ƙarfen da ya fi ƙarfinsa a makon farko, a mako na biyu yana kwance yana jinyar baya, a na uku ya daina.

Ina roƙonku da girman Allah ku nisanci gajeriyar hanya. Allurai da ƙwayoyin kumbura damtse da ake sayarwa a ɓoye, da sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don ƙiba, da shayin rage tumbi da ba a san abin da ke ciki ba, da yawansu hanta da ƙoda suke ci, wasu su jawo hawan jini da ciwon suga. Jikin nan amana ne, kuma akwai tafiyar da ta fi Yankari da ke jiransa. Tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa a Mina cikin zafi da turmutsitsi. Na ga alhazai da suka tara kuɗin kujera shekara ashirin, ba su tanadi ƙafar da za ta kai su ba, sai a keken guragu aka tura su. Malamai na yawan tuna mana mu ribaci ƙuruciya da lafiya tun suna hannu. Ba su faɗi wasa ba.

A kan kare ne muka fi daɗewa. Hoton da ya nuna mini na wani kare ne mai gashi buzu-buzu da shuɗin ido, irin wanda aka halitta don jan kaya a kan ƙanƙara. Na ce masa, ɗana, a watan Afrilu zafin garinmu na haura awo 40, kai da kake da fanka ma ba ka barci, wannan bawan Allah fa? Na kuma tambaye shi abin da zai yi da shi. Shari'a ta yi sauƙi ga karen farauta da na kiwo da na gadin gona, sauran bayani kuwa ya nemi malaminsa. Amma ko wace dabba ce, tambayar ɗaya ce: ka shirya ɗaukar nauyin rai? Sauran abubuwan da ke cikin jerinsa in ya gaji zai iya ajiyewa ba wanda ya cutu. Dabba ba a ajiye ta. Mage na iya shekara 15 ko fiye. Ranar da ba ka da kuɗi za ta ji yunwa, ranar da za ka yi tafiya sai ka nemi mai kula da ita, ranar da aka kawo amarya ta ce ba ta son gashi a kujera, tana nan.

Addininmu bai ɗauki wannan da sauƙi ba. Kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Mun kuma san wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Sahabi Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, laƙabinsa ma daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ya samo shi. Son dabba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Na taso na ga samari da ɗakin tantabaru a kan soro, na ga dattawa da ke tashi da dare su duba dokinsu kafin su kwanta, na ga tsofaffi mata da ke raba furarsu da magen gida. Abin da nake gani yanzu da ke ɓata mini rai shi ne a sayi dabba mai tsada don hoto, bayan wata uku a ɗaure ta a rana a bayan gida, kwanon ruwanta a bushe.

In kun ɗauka, ku kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafi, musamman na ciwon haukan kare, a kuma riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Wannan ciwo na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara a duniya, yawanci a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. In kare ya ciji wani, ko mage ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe. Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom, kusa da Jos, tun 1924, tana haɗa alluran rigakafin dabbobi. Abin ba nesa yake ba, sakaci ne ke nisanta shi.

Wani abu kuma, kada ku sayi naman daji a bakin titi da sunan kiwo. Ɗan birin da ake tallarsa da igiya a ƙugu, sau da yawa sai an kashe uwarsa ake samunsa. Aku mai launin toka da jan bindi, wanda ake sha'awa don kwaikwayon magana, na iya shekara 40 ko fiye, kuma yawan kama shi ya sa a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji. Duk wanda kuka saya, kun aika a kamo wani. Ba zai yiwu mutum ya biya kuɗin mota ya je ganin daji, ya dawo ya biya wanda ke kwashe dajin ba.

Daga ƙarshe na mayar masa da wayarsa na yi masa tambaya ɗaya: da za a karɓe wannan wayar a ƙofar Mainamaji, a ce ba hoto ko ɗaya, za ka shiga? Ya yi tunani ya ce zai shiga. Na ce karen fa, da ba wanda zai san kana da shi? Bai amsa ba. Bayan mako biyu ya dawo ya ce ya goge kare daga jerin, ya ɗauki 'yar mage daga gidan gwaggonsa, an yi mata allura. An auna jininsa, lafiya lau. Shi da abokansa huɗu sun sa makon farko na Fabrairu, kowa na zuba nasa a adashi ƙarshen wata. Ya ce in zan iya zama a mota su tafi da ni, na ce in Allah ya kai mu da rai da lafiya zan je.

Ku ma, 'ya'yana, ku buɗe naku jerin yau da dare. Ku zaɓi ɗaya da yake naku ne da gaske, ku rubuta ranarsa da watansa a gefe, ku gaya wa wani babba da zai riƙa tambayarku. Kafin Juma'a mai zuwa ku je a auna jininku, ku kuma ja iyayenku ku tafi tare. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku lafiya da ikon cikawa.

Wassalam.